Hoton Shaho a Hannun Baba

Baba ne ya ɓata ni da kallon sama. A ƙauyenmu na kusa da Kebbe, sauran manoma idan sun ɗaga kai hadari suke dubawa, shi kuwa shaho yake nema. Sai ya jingine fartanya ya tsaya baki buɗe, har Inna takan ce da ana biyan sadakin shaho da tuni ya yi mata kishiya da shi. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, amma a gidanmu har mai kajin ba ya taya ta, don yana can yana yaba gwanintar ɓarawon.

Na girma na sami aikin koyarwa a Tambuwal, na sayi wata tsohuwar kyamara a hannun wani mai hoton biki da ya gaji da sana'ar. A shekarar ne idon Baba ya fara rufewa. Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce take mutuwa, abin da ya rage kuma ba zai daɗe ba. Muka fito, na ɗauki Baba a babur. A bayana na ji muryarsa.

"Ɗan boko, abu guda nika so. Wanga injin naka, ka tsai da min shaho da shi sa'ad da yaf faɗo ma abinci. Tun ina yaro nika kallo nai, ban taɓa ganin yadda shika buɗe ƙafa ba. Sauri gare shi."

Na ce in sha Allahu, a raina ina ganin aikin mako guda ne. Ashe na ɗauko dutse. Duk Asabar ina fadama, ina bin gawo da giginya, sauro na cina. Na ɗauki shirwa tana shawagi, na ɗauki shaho zaune a reshe kamar alƙali, amma da ya dunƙule ya faɗo sai in sami hoton ciyawa. Ina kai wa Baba, ya kara fuskar kyamarar a idonsa na dama, wanda ya fi dama-dama, ya ce, "Wanga zaune ya ke. Ko ni na iya zama." Kowane zuwa sai na lura ya ƙara matso da ita kusa da hancinsa. Abin yana cina ƙwarai, ina dariya ne kawai don kada ya gane.

Da bazara ta yi, aka fara sharar gona. A wajenmu akan tara kara da ƙaya a cinna musu wuta kafin ruwa ya sauka, hayaƙin nan kuwa kiran sallah ne ga tsuntsaye masu farauta, domin wuta tana koro fara da ɓeraye fili. Baba ya ce a kai shi. Yayana ya hana, ya ce zafi zai kayar da shi. Baba ya ce gonarsa ce.

Na zaunar da shi a gindin gawo, aka sa wuta. Kafin hayaƙi ya miƙe shirwa sun cika sama suna cafke fara. Ni ina ta juya kyamara, sai Baba ya damƙi ƙafar wandona.

"Bar su. Kurciyoyi sun yi shiru. Aje ido ƙasa, bakin wuta."

Na mai da kyamarar ƙasa. Wani ɓera ya fito a guje, na ji iska ta tsage, na danna ban ma san na danna ba. Da na duba hoton, ga shahon nan. Fukafukai a baya, ƙafafu biyu a miƙe, farce a buɗe, saura ƙiris ya taɓa ɓeran. Na durƙusa na miƙa wa Baba kyamarar.

Ya karɓa da hannu biyu, ya kara a idon dama, ya daɗe. Ya karkata ta wajen haske, ya sake karawa. Sannan fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar. Ga shi nan. Dubi ƙafa!"

Ya ɗora yatsa yana shafawa. Na leƙa. Yatsan yana kan wani baƙin dunƙulen hayaƙi a gefen hoton, shahon kuwa yana can ɗaya gefen, babban yatsansa na hagu ya rufe shi.

"Shi na ko?" ya tambaye ni.

Na ce, "Shi ne, Baba."

"To, madalla. Na gani."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban bari ya ji a muryata ba. A hanyar gida yana bayana yana ta ba ni labarin ƙafar shaho, yadda take buɗewa, kuma duk abin da ya faɗa daidai ne.

Bai kai sharar gona ta gaba ba. Na wanke hoton na rataye a ɗakina a Tambuwal. Baƙi sukan tsaya su yaba shahon, su tambayi yadda na yi na same shi. Ni kuwa idan na ɗaga kai, gefen hayaƙin nake kallo.