Mai Gyaran Keken da Ya Koyi Karatu Saboda Lambar Mota

Kai da kake karanta wannan, ka taɓa ganin mai gurasa ya faɗi. Kada ka ce ba ka taɓa ba. Duk wanda ya shekara biyu a unguwar Shubra ya ga abin nan: mutum a kan keke, hannu ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tallafe da tiren gurasa mai tsawon ƙofa a kansa, sai mota ta goge shi, gurasa ta watse a kwalta. Na kuma san abin da ka yi, domin ni ma shi na yi. Ka sunkuya ka tsince gurasar, ka sumbace ta, ka kai ta goshi, ka jera a gindin bango don kada a taka ni'imar Allah. Haka iyayenmu suka koya mana, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a cikin mintin nan da mu talatin muka duƙa kanmu a ƙasa, motar ta sha kwana. Gurasa ko ɗaya ba ta salwanta ba, mutumin ne ya salwanta.

Yau mako bakwai ke nan Shahat, mai kai gurasa, uban 'ya'ya mata uku, yana kwance a ɗakinsa a hawa na huɗu da karyayyen ƙugu. Rahoton 'yan sanda ya ce direban da ya buge shi ba a san shi ba. Idan ba a samo lambar motar ba, za a rufe fayil ɗin a sa a kabad, Shahat kuma ya zama wani gurgu da za mu riƙa yi wa sannu a bakin masallaci. Duk unguwar nan mutum ɗaya ne ya ƙi yarda da haka, dattijo mai shekara sittin da bakwai, Usta Garib mai gyaran keke. Shi nake so in jinjina wa yana raye yana ji, kafin ya rufe shagonsa a ƙarshen watan nan.

Shagon nasa wani lungu ne a ƙarƙashin matakala, daura da tsohon gidan sinima. Yana buɗewa da an idar da sallar asuba, kafin gidajen gurasa su fitar da gashin farko. Sai ya fito da kujerarsa da famfo da kwanon ruwan duba faci, ya karɓi shayinsa a wurin Ummu Wafa mai sayar da wake a gefensa, ya zauna yana jiran masu keke. Dokarsa guda ce, kowa ya san ta: ba ya sa wa taya iska sai ya matsa birki da hannunsa.

Na sha jin rigimarsu da Zaglul, wanda ya fi kowa baki a cikin masu gurasa.

"Usta, iska kawai nake so, gurasa na hucewa."

"Ta huce. Matsa birkin nan in gani."

"Wallahi yana kamawa."

"Yana kamawa kamar haƙoran kakarka. Sauko."

"Da kai surukina ne, da tuni na maido maka 'yarka."

"Da ba ka same ta ba tun farko. Ba na ba da 'ya ga mutumin da ke tsayar da keke da silifa."

Zaglul zai sauko yana ƙunƙuni, Usta ya sake masa robar birki, ya sallame shi da zagi da addu'a a haɗe.

Akwai abin da ya gano wanda ba injiniyan da ya koya masa. Mai gurasa hannu ɗaya gare shi a kan keke. Idan hannun nan birkin gaba yake riƙe da shi, ranar da ya matsa da ƙarfi keken zai kafe, shi kuma ya wuntsila ta gaba har da tiren. Saboda haka duk keken gurasar da ya shigo hannunsa, sai ya tambayi mai shi da wane hannu yake tuƙi, ya juya wayoyin yadda birkin baya zai koma wannan hannun, ya matso da ƙararrawa kusa da babban yatsa. Yana manna jan ƙyalle mai ƙyalli a bayan sirdi ko ba a ce ya sa ba. Yana gaya musu kada su kutsa tsakanin ƙaramar bas da gefen titi, domin direbanta yana tsayawa duk inda ya hango hannun fasinja. Yana ce musu su bar faɗin ƙofa tsakaninsu da motar da ke ajiye, kuma su daina kallon fuskar direba, su kalli tayar gaba, ita ce ba ta ƙarya.

Duk wannan da ɗingishi yake yinsa. Shi ma mai gurasa ne a dā. Shekara talatin da takwas da suka wuce wata mota ta kayar da shi, mutane suka taru, direban ya fito ya sumbace shi a ka yana ba da haƙuri. Manya suka ce a yi salati ga Annabi, tunda ya miƙe da ƙafarsa ai ba abin da ya faru. Usta ya ji kunya ya ce ya yafe. Bayan kwana uku ƙafa ta kumbura, aka duba aka ga ƙashi ya tsage. Ba wanda ya san motar, ba wanda ya san direban, ba takarda ko ɗaya. Tun daga ranar alli ba ya rabuwa da aljihunsa. Da ya ji ƙarar karo, kowa ya yi ƙasa, shi sai ya ɗaga kai ya rubuta lamba a bango.

Ga abin da har yau yake ba ni mamaki idan na tuna. Usta Garib bai yi makaranta ba. Lambobi kawai ya sani, kuma dā sun ishe shi. Da aka sauya lambobin motoci aka sa musu haruffa, sai allinsa ya zama ba shi da amfani. Mutumin nan, yana da shekara hamsin da ɗaya, ya je ajin yaƙi da jahilci ya zauna a benci har ya iya haruffa. Ba don ya karanta jarida ba, ba don ya rubuta wasiƙa ba. Ummu Wafa ta ce ya yi wata shida yana zaune a bakin shago yana karanta bayan kowace mota da ƙarfi, har mutane suka fara cewa Usta ya taɓu.

Ita ce kuma ta ba ni labarin ranar da wata baƙar mota ta buge Zaglul, shekara tara da suka wuce. Direban ya fito da kwat da turare, ya rungume Zaglul, yana ƙoƙarin cusa masa wani abu a aljihu. Jama'a suka fara waƙar da muka saba: a yi haƙuri, Allah ya kiyaye gaba, a bar bawan Allah ya tafi aikinsa. Sai ga Usta da kujerarsa a hannu. Ya dasa ta a gaban motar, ya zauna, ya sunkuya ya rubuta lambar a kan kwalta.

"Baba, tashi mana. Ka san ko ni wane ne?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Amma motarka na san ta yanzu." Ya karanta masa ita harafi harafi.

"Shi mai abin ya ce ya yafe."

"Zai yafe in yana so. Amma sai likita ya gaya masa abin da yake yafewa."

Bai tashi ba har ɗan sanda ya iso. A asibiti aka ga ƙashin kafaɗar Zaglul ya karye. Da takardar likita ta ranar da lambar rahoton 'yan sanda aka bi masa haƙƙinsa har aka samu. Keken kuwa Usta ya ƙi taɓa shi. Ya rataye shi a ƙugiya a lanƙwashe yadda yake, ya ce shaida ne, ba a gyara shaida. Ka yi tunani, mai gyara ya ƙi gyara, ya kuma ƙi bari a kai wani wuri.

Ni lauya ce, na yi shekara huɗu a jami'a ina karanta abin da mutumin nan yake faɗa cikin jimla uku a bakin titi: kada ka yi saurin miƙewa don kunya, ka je asibiti da ofishin 'yan sanda a ranar, kada ka sa hannu a takardar sulhu jikinka yana rawa. Mu masu takardu muna taro a otal muna magana a kan haƙƙin talaka, mu sha ruwan sanyi mu watse. Shi kuwa yana rufe shago da rana tsaka, ya raka mutumin da ba ɗansa ba ofishin 'yan sanda, ya tsaya a kan ƙafar da ba ta da lafiya har a rubuta. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya taɓa ba shi ko takardar yabo.

Sai ranar Shahat. Talata ce, wajen ƙarfe bakwai na safe, a mahaɗar da ke gaban gidan sinimar. Usta ya ji ƙarar, ya fito da allinsa. Wata farar motar ɗaukar kaya ta wuce ta gabansa, tsakaninsu bai kai taku goma ba. Ya ɗaga kai kamar kullum, amma yanar ido ta riga ta rufe masa gani, abin da ya daɗe yana ɓoye wa kowa. Ya ga fari yana tafiya, bai ga harafi ko ɗaya ba. Ya yi ta kira, "Ku karanta lamba, jama'a, lamba." Mutum kusan arba'in ne a wurin, kowa yana duƙe.

Washegari Usta ya hau hawa huɗun nan da ɗingishinsa zuwa wurin Shahat. Ina ɗakin lokacin da ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

"Ka yafe mini, ɗana."

Shahat ya dube shi daga kan gado. "Usta, kai ka buge ni?"

"Ta gabana ta wuce."

"To zauna, ka tsaya mana a kai kamar mai gidan haya. Birkinka ma ya kama, ni ne ban kama ba."

Matar Shahat ta yi dariya tana share ido. Usta bai yi ba.

Tun daga ranar yake bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. A kyamarar wani kantin magani ya samo lambobi guda biyu, wato bakwai da huɗu, sauran sun dushe. Wani mai guga ya tuna akwai harafin Sin a lambar. Ummu Wafa ta ga ƙofar bayan motar a ɗaure da shuɗiyar igiya, ta kuma ga mutum biyu a baranda sun ɗaga waya suna ɗauka. Usta ya ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen, aka ce masa ba a ga komai ba. Mun san dalili. Ba wanda yake son ya ɓata yini a ofishin 'yan sanda saboda mai gurasa.

Usta Garib, kai ne idon titin nan shekara talatin da takwas, har idon ya ƙare a kanmu. Kai ne ka koyi karatu da furfura don kada a sake yi wa wani abin da aka yi maka. Akwai mutane da yawa a Shubra da suke tafiya da ƙafafunsu, ba su ma san hannunka ne ya juya wayar birkinsu ba. Ba ka da laifi a ranar Talatar nan, kuma ban yarda ka ɗauki nauyin da yake namu ba. 'Yarka Nagwa ta ce ƙarshen wata za ta tafi da kai garin Banha a yi maka aikin ido, ka zauna a wurinta ka huta. Ka cancanci hutun. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ya ce mini ba ya so ya bar unguwar nan fayil ɗin Shahat yana buɗe babu suna a ciki. Saura kwana goma sha ɗaya.

Saboda haka da kai nake, wanda ya tsaya a baranda da waya a hannu. Da ke nake, wadda ta san farar motar da ake ɗaure ƙofarta da shuɗiyar igiya. Ba a ce ka yi faɗa da kowa ba, kuma ni da kaina zan raka ka ofishin, in zauna da kai har a gama. Ka buɗe wayarka yau ka nemo hoton ranar Talatar nan, ka sauko ka kawo shi shagon da ke ƙarƙashin matakala. Ba zai gane fuskarka daga nesa ba, sai ka matso kusa ka faɗi sunanka.