Ranar da Baba Ya Kashe Motarsa

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji biyar na firamare, na fara jin injin motar Baba yana kuka. Ina takure a gaba kusa da giya, itatuwan hanyar Gitata suna wucewa kamar ana fizge su, ruwan ramukan hanya yana fantsama har kan gilashi. A gefena wata mata ta rungume 'yarta a cinya tana sambatu da Fulatanci, yayana Iliya kuma yana baya ya ƙanƙame ƙarfe. Na riƙa ɗaga kai ina duban fuskar mai tuƙin don in tabbatar Baba ne. Shi ne, da farin gilashinsa da rigar gonarsa, amma ƙafar da ta danne totur har ƙasa ban san ta ba.

Sai wanda ya san Baba zai gane abin da ya ba ni tsoro. Malamin makaranta ne, muna zaune a unguwar Gangaren Tudu a Keffi, cikin gida mai rijiya da bishiyar mangwaro a tsakiya, kuma duk unguwar babu wanda bai san tsohuwar a-kori-kurarsa mai ruwan toka ba. Yaran makarantarmu sun sa mata suna Hawainiya. Idan muna wasan langa ko carafke lokacin tara suka hango ta tana tahowa, sai su fara tafiya da sanɗa suna ɗaga ƙafa ɗai-ɗai, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na taɓa ganin mai keke ɗauke da buhun gawayi ya wuce mu a hanyar Liman Abaji, har ya waiwayo ya gaishe da Baba, Baba ya amsa masa da fara'a.

Kowace safiya kafin mu gama sharar tsakar gida ya riga ya ɗaga murfin inji. Zai zaro sandar gwada baƙin mai ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba a hasken rana. Ni ke jawo ruwan da zai ƙara a lagireto, Iliya kuma ya zaga tayoyi yana dannawa da babban yatsa. Idan ya tayar da ita sai ya tsaya ya karkatar da kai yana saurare, mu duka mu yi tsit, har kajin Mama sai an kore su. Yakan ce, "Ba a tashin mota daga barci a ce ta kama gudu." Tun daga nesa yake ɗage ƙafa daga totur idan ya hango inda zai tsaya, motar ta gangara da kanta, birki sai ɗan taɓawa. Ba ya barin kayan banza a baya, ba ya fita don aike ɗaya. Niƙan Mama da sayen taki da gaishe da mara lafiya duk sai ya haɗa su tafiya guda. Direbobin da ke kashe inji a gangara wai don tattalin mai kuwa, yakan ce ransu suke caca da shi ba su sani ba. Duk sanda muka fita, aikina ɗaya ne: in sa ido kan allurar zafi. Da ta ɗan haura tsakiya zan faɗa, shi kuma ya gangara gefen hanya ya kashe mota, mu zauna a inuwa har ta huce, ko da coci za mu mun makara.

Muna da gonar doya da masara a wajen Gitata, kuma kusa da ita akwai wata ruga. Daga can wata mata da muke kira Inna take kawo mana nono da man shanu, tare da 'yarta Adama, sa'ata ce. Hausar Adama ba ta nuna ba sosai, tawa kuma cike take da Turancin makaranta, amma hakan bai hana mu gina ɗakunan laka a bakin rafi da gasa masara a garwashi ba. Ita ta koya mini ɗaukar ƙwarya a ka ba tare da riƙewa ba.

Ran nan muna cire ciyawa tsakanin kunyoyin doya, Mama ba ta zo ba saboda tana fama da zazzaɓi. Inna ta sauke ƙwaryarta a gindin ɗorawa tana auna wa Baba nono, ni da Adama muka nufi tarin busasshiyar ciyawa don ɗebo abin hura wuta. Ita ce a gaba. Na ji ta yi wata 'yar ƙara gajeriya, ta ɗaga ƙafa, sai na ga wani ɗan maciji mai zane-zane yana sulalewa cikin ciyawar. Bai fi tsawon hannuna ba, har na ɗauka abin bai kai na kuka ba. Iliya ya bi shi da fartanya ya kashe. Da Baba ya zo ya juya shi da sanda, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kububuwa ce." Inna ta ɗora hannu a ka, ta ce a bari ta ruga ta kira mijinta, akwai mai magani a rugarsu. Baba bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya sungumi Adama, ya ce wa Inna ta shiga mota, ya aiki wani ɗan kiwo da ke kusa ya je ya gaya wa uban yarinyar cewa an tafi asibiti a Keffi.

Bai saurari inji ba, bai jira komai ba. Yana murɗa makulli ya saka giya, tayoyin baya suka watsa taɓo, ƙwaryar nonon da aka bari a ƙasa ta kife. Mutumin da ke zagaye kowane rami kamar mai tsoron taka ƙwai, sai ga shi yana faɗa musu kai tsaye, kaina yana bugun rufi. Ya danna hon bai saki ba, mata masu ɗauke da itace suna tsalle cikin ciyawa. Ƙafar Adama ta kumbura har gwiwa. Da ta buɗe baki za ta yi magana na ga jini a dasashinta, alhali babu abin da ya buge ta a baki.

Mun ci fiye da rabin hanya sai na ji wani abu ya yi fat a ƙarƙashin murfin inji, kamar an tsinka igiya. Ba a jima ba allurar ta fara hawa. Ta wuce tsakiya, ta wuce inda ban taɓa ganin ta kai ba. Na ce, "Baba, allura ta hau." Ya ci gaba da tuƙi. Na sake cewa, "Baba, ta shiga ja." Ya ce, "Na gani, Rifkatu." Na jira ya gangara gefe kamar kullum, sai na ga ya ƙara danna ƙafa. Tururi ya fara fitowa ta gefen murfin yana rufe gilashi, warin ƙonannen mai ya cika motar, shi kuma ya leƙa kai ta taga yana tuƙi. Leɓensa na motsi, da na kasa kunne sai na ji addu'a yake da yaren Mada, wanda ba ya yi sai da kakarmu.

Mun shigo gari injin yana ƙwanƙwasa kamar ana dukan tukunya da guduma. Ana hango katangar asibiti ya yi wata ƙara mai ƙarfi, motar ta girgiza, ta mutu a tsakiyar titi. Baba bai ko waiwaye ta ba. Ya bar ƙofa a buɗe da makulli a jiki, ya karɓi Adama daga hannun uwarta ya ruga da gudu, takalminsa ɗaya ya fita, Inna tana binsa. Ni da Iliya muka tsaya kusa da motar tana ta hayaƙi, baƙin mai yana ɗiga a kwalta, mutane suka taru suna tambaya, "Ba motar Malam ba ce wannan? Wa ya tuƙa ta haka?" Da Iliya ya ce Baba ne, wani mai faci ya ce masa ƙarya ba kyau.

Da yamma aka jawo ta gida da igiya. Makanikin da ya duba ta ya ce fambel ne, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, ya tsinke, da an tsaya nan take da gyaran bai fi na ɗan lokaci ba, amma yanzu inji ya buga, sai dai a sa wani. Mama ta fito daga ɗaki da zane a kafaɗa, ta daɗe tana kallon motar. Ta ce, "Malam, ka san haka za ta faru?" Ya ce ya sani. Ta tambayi lafiyar yarinyar, ya ce likita ya ce an kawo ta a kan lokaci, amma da kyar. Mama ta koma ɗaki, na jiyo ta tana kuka a hankali, ban kuma san wacce daga cikin biyun take yi wa ba.

Adama ta tashi, sai dai ta ɗan riƙa ɗingishi. Ranar da aka sallame ta ubanta ya biyo ta gidanmu, dogon mutum mai sanda a kafaɗa. Ya zaga motar a gindin mangwaro, ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya riƙe hannun Baba ya ce, "Allah ya sani, Malam." Da rani ya yi suka tashi da shanunsu zuwa kudu, ban sake ganin Adama ba. Sabon inji kuwa ya fi ƙarfin albashin malami mai 'ya'ya a makaranta. Baba ya koma hawa keke, doyarmu sai a motar haya, kuma ko sau ɗaya ban ji ya yi zancen asarar ba.

Yanzu ni ma ina tuƙi, kullum daga Keffi zuwa wurin aiki a Abuja, cikin cunkoson da kowa ke danna hon yana kutsawa don ya riga na gabansa isa inda za a sake tsayawa. Gonarmu an yanka ta filaye, gidan Gangaren Tudu 'yan haya ne a ciki, Baba kuma ya rasu ban taɓa tambayarsa abin da ya ji ba lokacin da ya ƙi tsayawa. Shekaru ya yi yana lallaɓa motar nan, mu muna jin kunyarsa. Ashe ya san ranar da zai buƙace ta duka.