Malama Ba-Zaƙi, Kin Bar Ni Ni Kaɗai

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, ina wanke kwalaben gwaji ƙaninki ya kira ni a waya. "Anti, Yaya ta cika," ya ce. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma.

Tun muna da sauran ƙuruciya aka haɗa mu ɗakin bincike ɗaya, can ƙarshen baranda inda ba mai leƙowa sai wanda ya yi ɓatan hanya. Tambaya ɗaya kika riƙe har ƙarshen rayuwarki: yaya sukarin da muke sha yake sa ƙwayoyin halittar hanji su ƙera kitse? Abokan aiki suka ce mun zaɓi wurin da ba suna, kowa hanta da zuciya yake bi. Kika yi dariya kika ce, "Ai baƙo ta ƙofa yake shigowa. Mu masu gadin ƙofa ne."

Ba zan manta shekarar da likita ya ce kitse ya lulluɓe hantar maigidana ba. Nasiha ta ƙi shigarsa, kullum da kwalbar lemo a hannu. Kika zo gidanmu, kika zana masa hanji a bayan kwali, kika nuna masa inda muke zaton zaƙi yake fara rikiɗa ya zama maiƙo. Ya ce, "Malama, shayi ba sukari ai horo ne." Kika ture gwangwanin sukarin gefe, kika ce, "To, Yaya, mu sha horon tare." Ke da ba cuta, ba ki sake sa ko cokali ɗaya ba. Daga nan ɗalibai suka laƙaba miki Ba-Zaƙi, alhali ban san mai daɗin zama kamarki ba. Ga maigidana yau yana nan garau, shi ya riƙe ƙafar makararki.

Yanzu ɗakin ya yi mini faɗi. Farar rigarki na rataye bayan ƙofa, na kasa saukewa. Ƙwayoyin da kika shuka kafin ki kwanta asibiti suna nan da rai a cikin na'urar ɗumi. Kullum da safe nakan canza musu ruwan abinci. Jiya na ga ɗigon kitse ya bayyana a cikinsu yadda kika yi hasashe, na waiwaya in ce ki zo ki gani, sai kujera. Shugaban sashe ya tambaye ni ko za a rufe aikin. Na ce a'a, ko da yake ban san wanda zan riƙa yi wa musu ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya sa ilimin da kika bari ya zama fitila a kabarinki. Ga Inna mahaifiyarki, wadda ta ce ke ya kamata ki rufe ta, da ƙaninki, da 'ya'yanki biyu, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, ni ma ku sa ni a addu'a.