Fanka Na Juyi, Mota Na Tafasa

Ni mutum ne mai tsoron a ce ban shirya ba. Wannan halin ne ya kai ni wurin mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ranar wata Juma'a da yamma, alhali motata lafiyarta ƙalau. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, amma ba ta taɓa kunyata ni tsakanin unguwarmu Badariya da ofis ba. Washegari za mu Argungu ɗaurin aure, ga bazara ta kankama, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya tambaye ni ko na yi wa fankata dairek. Haka muke yi a Birnin Kebbi in zafi ya shigo. A raba fankar lagireto da na'urar da ke kunna ta idan inji ya ɗau zafi, a haɗa ta kai tsaye, da ka murɗa makulli ta tashi, ba ta hutawa sai ka kashe mota. Mun riga mun yanke cewa waɗanda suka ƙera motocin nan ba su san ranarmu ba. Mai wayarin ya datse soket, ya ƙara guntayen waya biyu, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce in tayar. Fanka ta ɗauka da ƙara. Na zaga gari a hankali har magariba, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba.

Auren na ɗiyar yayan Baba ne. Tana ƙarama ubanta ya rasu, kuma kafin ya cika ya riƙe hannun Baba ya ce shi zai bayar da aurenta da bakinsa, ba wani ba. A gidanmu na Argungu ta girma. Baba manomin shinkafa ne, ba mai yawan magana ba, amma wannan maganar ya maimaita ta har muka haddace. Abin da ya kawo Baba wurina a wannan makon shi ne aikin ido, an cire masa yana, kuma sai ranar Juma'ar likita ya sallame shi, ya ce ban da ƙura, ban da jijjiga. Baba ya so ya bi motar haya da asuba. Na ce waliyyi guda ba zai isa a matse cikin motar tasha ba, shaddarsa duk ta yamutse, ga ɗansa da mota.

"Akwalag ga taka?" in ji shi. "To, Allah shi kai mu."

Mu uku muka fita da safe: ni, da Baba, da maƙwabcina. Shi mutumin Filato ne, malamin makaranta, Kirista, mun daɗe katanga ɗaya. Amaryar takan zo hutu gidana, tare da 'ya'yansa mata suke wasa, don haka ya ce ko ba a gayyace shi ba sai ya je cin goro. Ya sa kaftani da hula, ya zauna gaba. Baba yana baya shi kaɗai, ya baza babbar riga mai sitati, ga baƙin tabarau na asibiti. Mun ɗan makara, domin sai da na koma ɗauko maganin ɗigawarsa. Da muka fita gari na taka mota.

Muna wuce Ambursa na ga allura ta bar tsakiya. Na ce idona ne. Kafin in gama ƙaryata kaina ta kai ja, wani wari mai ɗumi ya shigo, tururi ya fara fita ta gefen bonet. Na gangara gefen titi na tsaya.

Abu na farko da na duba fanka ce, ga ta nan tana juyi kamar za ta tashi sama. Na ce alhamdu lillahi, ba ita ba ce. Maƙwabcina ma ya leƙa ya ce ba ita ba ce. Daga nan muka cire ta daga zargi, muka shiga neman mai laifi a wani wuri. Na matsa robobin ruwa ko akwai wadda ta tsage, babu. Na duƙa ƙarƙashi ko lagireto na yoyo, ƙasa a bushe. Na taɓa bel ɗin inji, yana nan daram. Na buɗe murfin baƙin mai ko ya koma fari, alamar ruwa ya shiga inji, shi ma lafiya lau. Wayata kuwa sai ruri take a aljihu. Ƙanen Baba ne, autansu, yana tambaya muna ina, an fara shimfiɗa tabarmi.

Babu abin da ya fi jiran inji ya huce cin rai. Ba ka isa ka buɗe murfin lagireto ba, ba ka isa ka zauna ba. Na kai gwauro na kai mari a bakin titi, ina taɓa murfin da gefen hankici ina janye hannu. Wasu masu ban-ruwa a fadama suka ba mu jarka guda, muka ɗura, muka tashi. Na ce tunda mun yi asarar lokaci sai in rama a gudu. Ba mu yi nisa ba allura ta sake hawa, wannan karon ma ta fi sauri.

A tsayawa ta biyu na fara tsayar da motoci. Asabar ce, ranar bukukuwa, kowace ta zo maƙil, wasu ko kallonmu ba sa yi. Ina ganin Baba ta gilashi yana jan carbi da sauri, ba irin jansa na kullum ba. Muka sake ɗura ruwa, muka sake tafiya, na sake takawa, ta sake tafasa. A tsayawa ta uku babu ko inuwar kirki, sai wata bishiyar ƙaya. Ƙanen Baba ya sake kira. Dangin ango daga Yawuri suka taso, liman kuma yana da wani ɗaurin auren a wata unguwa, ya ce zai ɗan ƙara jira amma ba da yawa ba.

Sai ga ɗan kabu-kabu ya fito daga wata hanyar gona, ba kowa a bayansa. Baba ya buɗe ƙofa ya fito da kansa, ya ɗaga masa hannu.

"Baba, likita ya hana," na ce.

"Likita na hana mutuwa? Ido guda na, in ya tahi ya tahi."

"Ba za ka hau ba. Hanyag ga duk rami ta."

Ban taɓa yi wa ubana magana da wannan muryar ba, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba. Na sallami mai babur ɗin. Tsoro nake ji ɗinkin idon ya buɗe a hannuna, kuma haushin kaina nake ji, sai na sauke shi a kan tsoho. Baba ya dube ni ta cikin baƙin tabarau. Ya taka ya je gaban mota ya tsaya, ya ba ta baya, yana fuskantar Argungu.

Na murɗa makulli don fanka ta taimaka inji ya huce. Ina tsaye riƙe da jarka sai na ga babbar rigar Baba ta kumbura ta baya, gefenta yana kaɗawa gaba, yana gudun motar. Ko ganyen ƙayar nan ba ya motsi, babu iska ko kaɗan. Na taɓa maƙwabcina na nuna masa.

Ya sa tafin hannu a gaban ragar mota, ya janye. "Malam, iska mai zafi ne yana fitowa. Ba ja ya kamata ya yi ba?"

Na tsinci wata leda a ƙasa na saka a gaban ragar. Maimakon ta manne, sai ta tashi ta faɗa kan titi. Nan muka tsaya muna haɗa zancen tsakaninmu, shi ya faɗi rabi in ƙarasa rabi. Aikin fanka ta jawo iska daga waje ta ratsa lagireto zuwa ciki. Tamu turawa take yi waje. A cikin gari, inda ake tafiya kamar ana rakiya, ko ta wace fuska iskar ta bi tana ɗan sanyaya ruwan, shi ya sa jiya ban ga komai ba. A babban titi kuwa iskar gudu tana shigowa, fanka tana tura ta baya, su haɗu a tsakiya babu mai wucewa. Duk takawar da nake yi don mu isa da wuri, ita ke dafa injin. Garin neman ƙiba na samo rama.

Na kashe mota na warware salatif ɗin, gam ɗin ya narke yana manne mini a yatsu. Guntayen wayar da mai wayarin ya ƙara duk baƙaƙe ne, iri ɗaya sak, ba ka sanin wadda ke ɗauke da wuta. Da soket ɗin yana nan, ba ya shiga sai ta fuska ɗaya, amma an datse shi an yar. Ashe a juye ya haɗa wayoyin, shi ya sa fanka ke juyawa baya. Ina cikin musanya su wayata ta yi ƙara. Maƙwabcina ya zaro ta daga aljihuna, ya duba, ya miƙa wa Baba.

Na ji muryar ƙanensa sama-sama, da hayaniyar mutane a bayansa. Baba ya daɗe yana saurare.

"A'a, kak ku tsai da mutane bisa rana," ya ce. "Na wakilta ka. Ka bashe ta."

Bai kashe ba. Ya riƙe wayar a kunne, muna jin liman daga nesa yana tambaya, ana amsawa. Can sai Baba ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da wayar. Na saki abin da nake yi na ɗaga nawa, baƙi ƙirin da gam. Maƙwabcina ya cire hula ya sunkuyar da kai. Wata tirela ta wuce ta rufe ƙarshen Fatihar, sai da muka ga Baba ya shafa muka shafa.

Na ƙarasa murɗe wayoyin na naɗe. Na tayar, na sa ledar, ta manne a ragar tsam. Gyaran gaba ɗaya bai kai tsawon alwala ba. Daga nan har Argungu allura tana tsakiya, duk gudun da na yi. Ni dai da ta sake tafasa da ya fi mini sauƙi.

Mun tarar ana naɗe tabarmi a ƙofar gidanmu. Maroƙi ya gama shela, dangin ango suna neman takalmansu. Ƙanen Baba yana zaune a kan dardumar da aka shimfiɗa wa waliyyi, sauran mutane sun yi ɗan layi suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya. Yana hango mu ya yunƙura zai tashi ya ba yayansa wurin. Baba ya yi masa alama da hannu ya zauna. Ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa, ya je bayan wani mai sayar da albasa da ya zo a makare, ya tsaya a layi. Da aka zo kansa ya miƙa wa ƙanensa hannu biyu, ya ce abin da kowane baƙo ya ce.

"Allah shi sanya alheri. Allah shi ba su zaman lahiya."

Ƙanensa ya riƙe hannun yayansa gam, ya ƙi saki.