Ranar da Na Yi Shirun Gimbiya

Shekarun baya can, ba a daɗe da ba mu jiha ba, ni ce kan gaba a Dutsin-Ma wajen kare wata Gimbiya da ba ta ma san ina duniya ba. Abin da ya tuno min da shi, shekaranjiya na tarar da autata da ƙawayenta suna musu kamar za su daki juna a kan wani wasan gidan sarauta da suke kallo a waya, da wasu iyali da suke ɗaukar rayuwarsu suna nuna wa duniya. Na yi niyyar yi musu faɗa, sai dariya ta kama ni, don na san wadda ta fi su zaƙewa.

A lokacin ina koyarwa a firamare, ban jima da gama makarantar horon malamai ba. Littattafan soyayya sun fara shigo mana daga Kano, ana sayar da su a tebur kusa da tasha. Na karanta su har na yanke wa kaina hukunci cewa so, in ba a faɗe shi da baki ba, to babu shi. Kuma ba faɗa kawai ba, sai an haɗa da wata da taurari da rashin barci.

Duk layinmu gida ɗaya ne ke da talabijin, gidan maƙwabciyarmu da muke kira Sista. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga wajen Jos, mijinta yana aiki a ma'aikatar ruwa. Talabijin ɗin marar kala ce, in an ɗauke wuta a jona mata batirin mota. Ranar Lahadi da la'asar, in Sista ta dawo daga coci ta huta, sai ta shimfiɗa mana tabarmi a falo. Mata a ciki, maza a waje a kan benci suna kallo ta taga.

Shiri biyu muke jira. Na farko, masu ɗaukar hoto ne suke shiga gidan wasu mutane na gaske a birni, su nuna yadda suke tashi da yadda suke cin abinci. Wannan kam ba a gama shi sai an yi salati.

"Mutum da matarsa a kwano ɗaya, duniya na kallo!" in ji wata dattijuwa da ba ta taɓa fashin zuwa ba. "Kuma ku ji, sunansa ta kira, gatsal!"

"To Hajiya, ki rufe ido mana," in ji Sista.

"In na rufe wa zai ba ni labari?"

Na biyun shi ne nawa. Wasan wata masarauta ce da aka ƙirƙira. Yariman wani gari yana son Gimbiya, amma maimakon ya zo da kansa ya faɗa mata, sai ya turo fadawa. Gimbiya ta ji haushi, ta juya fuska ta kalli bango, ta daina magana. Mako ya bi mako ba ta ce uffan ba. Fada ta rikice, sarki ya kasa cin abinci, kowa ya gane cewa Gimbiya ba ta gamsu ba. Ni a wurina babu abin da ya kai wannan shirun kyau a duniya.

Sista ba ta ga kyansa ba. "Rashin aiki ne ke damun yarinyar nan. A ba ni ita yini ɗaya a ɗakin haihuwa, za ta yi magana."

Mahaifiyata, da muke kira Inna, cewa take ita jakadiyar fadar take tausaya wa, kullum ta kawo akushi ta koma da shi. Ni kuwa in taso musu da bayani a kan darajar mace da zurfin ƙauna, har sai an ce in yi shiru a ji abin da sarki yake cewa.

To a wannan lokacin akwai mai zuwa wurina zance. Malamin gona ne daga Kurfi, yana zuwa ranar Juma'a da yamma a kan babur. Gaskiyar magana ina son sa. Tun daga kan kwana nake gane ƙarar babur ɗinsa. Matsalar ita ce in mun zauna a zaure mun gaisa, sai ya ce, "An yi ruwa sosai a Tamawa." In ce, "Ma sha Allah." Ya ce, "Sai dai tsutsa ta fara taɓa gero." In ce, "Allah ya sawwaƙe." Ya ajiye min rake ko gyaɗa, ya hau babur ya tafi. In koma ɗaki in buɗe littafi, in ga yadda ake ce wa wasu hasken zuciya, ni kuma an bar ni da tsutsa.

Ana nan sai manyansa suka aiko cewa suna so su zo neman aure. Mahaifina ya ce ba zai amsa ba sai an ji ta bakina. Da yake ni ce 'yar fari, Inna ko sunana ba ta kira, balle ta zaunar da ni ta yi min irin wannan tambaya. Sai aka aika ƙauyen Kuki aka kira Gwaggo, yayar mahaifina. Ita Gwaggo ba ta taɓa zama gaban talabijin ba, cewa take tana sa ta jiri.

Da na ji an turo manya, shi bai ce min komai ba, sai na ce ai ga ranata ta zo. Gwaggo ta shigo ɗaki ta zauna bakin gado.

"Ɗiyar nan, ubanki ya ce in tambaye ki. Yaron nan na Kurfi, kin yarda da shi?"

Na juya a hankali, yadda na ga ana yi, na kalli bango, na rafka tagumi. A zuciyata ina ganin yadda gida zai rikice, labari ya kai Kurfi, malamin gona ya taho a gigice ya tsaya a ƙofa ya amayar da abin da ke ransa.

Gwaggo ta sake tambaya. Na ƙara dagewa da kallon bango, har na samu hawaye ya ɗan taru.

Sai kawai na ji guɗa a tsakiyar kaina.

"Ayyururui! Ta yarda! Kai, ɗiyar nan da kunya take, irin ta mutanen da!"

Na waiwayo a firgice. "Gwaggo, ai ni..."

"Yi shirunki, uwata, na gane. Ni ma haka na yi."

Na manta sam cewa a gidajenmu in aka tambayi budurwa ta yi shiru, ta amsa ke nan. Kafin la'asar an sanar da mahaifina, washegari saƙo ya tafi Kurfi cewa su zo.

Nan fa na shiga uku. In na buɗe baki yanzu na ce ba haka nake nufi ba, na kunyata mahaifina a gaban mutanen da ya riga ya amsa wa. Shi kuma malamin gona na san halinsa, in ya ji an ce yarinya ta yi gardama, ba zai sake tako layinmu ba, ba don fushi ba, don kada ya takura min. In kuma na ci gaba da shiru, zan auri mutumin da ban taɓa jin ya ce yana so na ba. Yanzu abin dariya ne, amma a lokacin abinci ma ba ya wuce min.

Wata safiya Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ina gefe ina wanke kwanuka. Ba ta dube ni ba, da rariyar take magana.

"Wannan juya fuskar dai na san inda aka samo shi. Gwaggonku ba ta kallo. Ni ina kallo."

Kwano ya suɓuce min.

"In a'a ce a faɗa. Ni zan shiga wurin babanku, faɗan ya ƙare a kaina."

"Inna, ba a'a ba ce."

"To i ce?"

"Ita ma dai... ba kai tsaye ba."

Ta daɗe tana kaɗa rariya. Sannan ta ce, "Allah ya shirya," ta yafa mayafi ta ce za ta shiga wurin Sista aron madambaci. Mu da muke da madambaci har biyu.

Inna ba ta da halin yin magana da wanda zai zama surukinta, ko a hanya ta hango shi sai ta kauce. Amma Sista ba ruwanta da wannan. Kuma duk ranar kasuwar Kurfi tana zuwa can yin riga-kafin yara. Daga baya ta ba ni labarin yadda ta same shi a gindin bishiya yana yi wa manoma bayanin taki.

"Malam, maigidana yana gayyatarka kallon talabijin ranar Lahadi."

"Na gode, Sista, sai dai ni ban cika kallo ba."

"Wannan kam ka zo. Kuma ka zo da idonka biyu."

Ranar Lahadi ina zaune a falo ana ta musun iyalin birni, sai na hango wata hula ta taga, a ƙarshen benci. Na san hular. Ban sake ɗaga kai ba.

A ranar ne Yarima ya zo da kansa. Ya tsaya a ƙofar Gimbiya ya yi ta zuba kalamai, ya kira ta wata, ya kira ta ruwan sanyi, ya ce in ba ita ba sai kabari. Gimbiya tana kallon bango. Matan falo suna ta ajiyar zuciya, dattijuwar nan tana cewa, "Ke ko ɗan waiwaye, 'yar nema!" Ni da na shekara ina jiran wannan rana, ban fahimci rabin abin da aka ce ba.

Da aka tashi, aka ce ana sallama da ni a zaurenmu. Na fita na zauna a inda na saba. A cikin gida ana daka, ina jin taɓarya tana sauka. Muka gaisa. Na jira in ji labarin ruwa.

"Na ga Yariman naku," in ji shi.

Na gyara mayafina.

"Yana da baki, ba laifi. Abu ɗaya ne ban gane ba. Tun da ya fara har ya gama, bai tambaye ta abin da ke damunta ba. Shi kaɗai yake ta zuba."

Ya cire hula ya sake sawa.

"Tun ranar da Sista ta same ni na ce wa baffannina su dakata tukuna, don na san ba talabijin ce ta sa ta tako ba. Yau da na ga yadda yarinyar nan ta juya, gabana ya faɗi. An ce min ke ma bango kika kalla."

Sai na lura taɓarya ta tsaya.

"Malama, ni ban iya irin maganarsa ba. Ko na gwada dariya za ki yi. Abin da na sani shi ne, ran nan Tamawa aka aike ni, ban farga ba sai ga ni na yi nisa a hanyar Dutsin-Ma. Sai da na juya." Ya yi gyaran murya. "Tambaya ɗaya na zo da ita. Shirun da kika yi, na Gwaggo ne ko na talabijin? In na talabijin ne, ba wanda zai ji daga bakina. Zan ce ni na fasa, laifin ya zauna a kaina, Baba bai ji kunya ba."

Jama'a, ni mai jawabi a falon Sista, ni da na haddace shafi-shafi na kalaman ƙauna, sai ga shi bakina ya ƙi buɗuwa. Wannan karon ba kwaikwayo ba ne. Shi kuma bai cika min kunne ba, bai taya ni amsawa ba. Ya zauna yana jira kamar ba shi da sauran aiki a duniya.

Na ja mayafi na rufe fuska, na ce da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Na Gwaggo ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi." Da alama yana neman abin da zai ƙara, sai ya ce, "Gero ma ya fara fitar da kai."

A cikin gida taɓarya ta ci gaba da sauka, da ƙarfin da ban taɓa jin Inna ta yi daka da shi ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka kai ni Kurfi. Can ba mu da talabijin, don haka ban ga ƙarshen wasan ba. Sista ta ce Gimbiya ta yi magana daga baya, kuma da ta fara an rasa mai tsayar da ita. Gwaggo har ta koma ga Allah tana ba da misali da ni a kan kunya, ban taɓa gyara mata ba.

In na tuna wannan lokaci, godiya ce take cika min zuciya. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran sunana ba, amma ta karanci bayana da na juya fiye da yadda wasu suke karanta fuska. Sista ta koma garinsu bayan ta ajiye aiki. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma ta ɗauki maganar gidanmu ta kai inda uwata ba ta iya kai ta. Har Gimbiyar ma ina gode mata, don ba don ita ba da ba a yi min tambayar nan ba.

Ban daina son labaran soyayya ba, kada ku ce na tuba. Har yanzu in aka zo wurin kalamai sai na ce a ƙara murya. Maigidan yakan zauna gefe da rediyonsa yana girgiza kai. Gashinsa ya yi fari, nawa ma haka, kuma har yau bai kira ni hasken zuciyarsa ba. Amma a duk tsawon zamanmu, ban taɓa juya fuska na yi shiru ba face ya zagayo ta gabana, ya zauna, ya tambaye ni.