Muryar Baban Kakata

Shekarun baya, lokacin kakata tana raye, ba ta da zancen da ya wuce faifan garmahon babanta. Ba ta san shi ba, tana goye ya rasu. Makaɗin gurmi ne na masunta a nan Haɗeja, kuma an taɓa kai shi Kano aka ɗauki muryarsa. Wannan faifan shi ne uban da ta sani. Da shi ta tashi, da shi aka kai ta ɗakin miji, har shekarar da ambaliya ta ci unguwarsu ta tafi da faifan da garmahon gaba ɗaya.

In tana tsintar shinkafa takan kwaikwaya mana waƙar da wata katuwar murya, ta ce, "Dattijo ne fa, muryarsa har cikin ƙirji kake jin ta." Kunnenta ya fara nauyi, kuma burinta ɗaya ne, ta sake jin sa kafin ya toshe.

Wata rana abokina, mai tura wa mutane waƙoƙi a waya a kasuwa, ya ce min wasu a ƙasar waje sun tattaro tsofaffin faya-fayen garmaho, sun gyara sautinsu, sun sake fitarwa. Muka zauna muna bi ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga baitin da na haddace a bakin tsohuwa.

Na ɗauko abokin nawa a babur ina ta hura hanci, har na gama tsara irin albarkar da za a sa min. Muna isa na kara mata wayar a kunne.

Ta saurara, ta yamutsa fuska. "Kai maigidan banza, wa ka kawo min? Waƙar dai tasa ce, amma wannan ai ɗan saurayi ne. Sata ya yi!"

Sai abokina ya ce, "Iya, garmahon naku yana gudu sosai kuwa?"

"Ina fa! Tun ina yarinya a gajiye yake, ko an wana shi da ƙyar yake juyawa."

Ya karɓi wayar ya rage saurin waƙar. Murya ta yi kauri, ta fara jan jiki. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Baba!"

Da ta nutsu ta tambaya, "To wacce ce tasa ta gaskiya?"

Abokina ya ce, "Ta farkon, Iya. Garmahonku ne ya tsufar da shi."

Sannan ta ce, "Mayar min da yaron." Ta ji shi har ƙarshe hawaye na zuba, ta shafa fuskata ta ce, "Bai ma kai ka ba. Allah sarki! Duk shekarun nan tsoho nake yi wa addu'a, ashe ɗan yaro ne ya tafi ya bar ni."

Daga ranar, in ta idar da salla, sai ka ji tana cewa Allah ya ji ƙan yaron nan.

Har yau abin yana ba ni mamaki, yadda murya za ta kwanta a wata ƙasa ta jira 'yarta ta tsufa. Kakata ta rasu, ni ma furfura ta fara fito min. Shi kuwa duk ranar da na kunna, yana nan saurayi yana kiran masunta su fito ruwa ya kawo.