Talatin da Bakwai ko Saba'in da Uku

Shekarun baya da dama, lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Dutse, na zauna ɗaki ɗaya a Takur da wani abokina ɗan bautar ƙasa da aka turo mana daga kudu. Mutumin kirki ne, sai dai akwai wani wasa da ya ɗauke masa hankali. Wasan labari ne: kai jarumi ne kana ratsa daji, duk abin da ka yi niyya sai an jefa 'ya'yan lido an ga ko ka dace. Amma ba irin ɗan lidon da muka sani mai fuska shida ba. Nasa guda biyu ne, ja da fari, kowanne fuska goma, daga sifili zuwa tara.

Shi ya koya mini karatunsu. Ja shi ne gomomi, fari shi ne ɗai-ɗai. Idan ja ya nuna biyar, fari ya nuna biyu, hamsin da biyu ke nan. Ja sifili, fari takwas, takwas ke nan. Idan kuwa dukansu suka nuna sifili, to ɗari ce cif. Kowace lamba daga ɗaya zuwa ɗari tana da dama daidai da 'yar'uwarta. Ni wasan bai taɓa shiga raina ba, kullum kura ke cinye jarumina tun bai yi nisa da gari ba, amma lissafin ya burge ni. Da zai tafi ya bar mini su.

A shekarar da aka soma shari'ar Musulunci a jiharmu, wani shirin taimakon manoma ya bai wa ƙungiyar ƙauyenmu, can wajen Miga, shanun huɗa biyu da garma. Mambobi ɗari, shanu na mutum ɗaya. Dole sai ƙuri'a, ga shi ƙuri'ar takin da aka yi a baya, ta takarda cikin hula, da rigima ta ƙare, wai wani ya maƙale takarda a tsakanin yatsunsa. Mahaifina yana cikin mambobin. Shekaru sun ja, bayansa ya soma ƙin garmar hannu, damina kuma ta ƙarato. Ban taɓa jin ya roƙi komai ba, amma na ga yadda yake tsayawa yana kallon shanun nan a ƙofar gidan shugaban ƙungiya.

Ni kuwa, malamin lissafi guda, sai na ga ranar nuna ilimi ta zo. Na ɗauko 'ya'yan lidona na je na sami shugaban a zaurensa, na yi masa bayani dalla-dalla: ja gomomi, fari ɗai-ɗai. Ya ce, "Malam, ai wannan ya fi. Bar mini, ni zan sanar wa jama'a."

Bayan la'asar aka taru a gindin tsamiyar masallaci, kowa ya karɓi lambarsa. Wani dattijo ya leƙa tiren da aka ɗora 'ya'yan lidon a kai ya ce, "Yanzu a wannan zamanin za a kawo mana kayan caca ƙofar masallaci?" Liman ya ce babu wanda ya zuba komai don ya ci na wani, ƙuri'a ce, kuma ƙuri'a halal ce. Shugaba ya miƙe. Ya gode wa gwamnati, ya gode wa hakimi, ya ba da tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta. Maganar ja da fari ce kaɗai bai yi ba. Ni ma ina can ina hura hanci, mutane na nuna ni, ban lura ba.

Liman ya yi bismilla ya jefa. Ja uku, fari bakwai.

Talatin da bakwai ke nan, lambar mahaifina. Kafin in buɗe baki, waɗanda ke zaune ta ɗaya gefen tiren suka ɗauka, "Saba'in da uku!" Su daga wajensu bakwai ce a farko. Mai saba'in da uku kuwa ba kowa ba ne illa maƙwabcinmu, wanda muke kira Baffa. Bafulatani ne da ya daɗe da zama cikinmu, ciwo ya ƙarar masa da garke. Tare suka tashi da mahaifina, amma tun wata kaka da shanunsa suka shiga mana gonar wake har magana ta kai gaban mai unguwa, sallama kawai ke haɗa su.

Aka juyo kaina. Na ce ja ne gomomi. Wani daga baya ya ce, "To da me za ka ce? Kai ka kawo abin, kai ka san karatunsa, kuma tsohonka ya ci!" Na nemi shugaba ya ba da shaida. Ya gyara hula, ya dubi sama ya ce, "Wallahi an yi maganar kala, amma ba zan rantse a kan wacce ba." Na dubi mahaifina, na ga ya sunkuyar da kai. A nan na gane maganar ta wuce shanu. Mutumin da bai taɓa ɗaukar zangarniyar wani ba, yau ana shirin cewa ya haɗa baki da ɗansa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Jama'a suka ce a sake jefawa. Ba mamaki, sauran duk sun ga ƙofa ta sake buɗe musu. Baffa ya miƙe ya dubi Liman ya ce, "Allah gafarta malam, a gaya masa ni ban yarda a sake ba. Ko nawa ne ko nasa, ba na mutum na uku ba."

Mahaifina, yana tsaye kusa da shi har rigunansu na gogar juna, ya ce, "Liman, a gaya masa nan kam ya yi gaskiya."

Liman ya ce, "Ku dai kuna jin juna, ni me zan ƙara?" Aka yi dariya, su biyun ne kawai ba su yi ba.

Mahaifina ya juya ya dubi Baffa ido da ido. Ya ce, "Kai ka san shanu, ni ban sani ba. Ni na san garma, kai kuwa kunyar huɗarka kamar tafiyar maciji. Ka ɗauki sa ɗaya, in ɗauki ɗaya."

Baffa ya ce, "Sa ɗaya ai ba ya huɗa."

"Na sani."

Haka aka tashi. Daminar nan kullum da safe sai ɗaya ya jawo sansa zuwa ƙofar ɗaya, a ɗaura musu karkiya, yau gonarmu, gobe tasa. Da fari ba sa magana sai da shanun. Kafin gero ya yi bununi na tarar da su a gindin kuka suna shan fura a ƙwarya ɗaya, suna musu a kan wanda ya fi wani tsufa.

Yanzu ɗana yana irin wasan nan a waya. Ɗan lido ɗaya an rubuta masa goma, ashirin, talatin, ɗayan kuma ɗai-ɗai, wayar ma ita ke haɗawa ta faɗi lambar. Babu gefen tire, babu musu. Ni dai abin da na koya shi ne a faɗi ƙa'ida a gaban kowa kafin a jefa, don gaskiyar da ta zo bayan an jefa ba ta da mai saye. Amma duk lokacin da na ga jikokin mutanen nan biyu suna huɗa tare, sai in ji ban ƙi mantuwar shugaba ba.

Ranar ƙuri'ar, da muka koma gida, mahaifina ya kira ni zaure. Ya ce, "Tsakaninka da Allah, wa ya ci?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, kada ka kuskura ka gaya masa."

Ban faɗa ba sai yau, da dukansu biyu suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu.